Rigimar mai tebur da mutanen ɗakin sanyi

A kowace babbar ma'aikata akwai wata rigima wadda ba ta kaiwa gaban alƙali, ba ta kuma shiga takardar koken sandika, amma tana cin rai a ɓoye kamar yadda gara ke cin azara. Rigima ce tsakanin mai zama bisa tebur yana buga takardun jama'a, da mutanen sashen anformatik, waɗanda a da ake gane ɗakinsu da sanyin da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, tun zamanin da ake kunna wa ordinatar na'urar sanyi a bar ɗan Adam da mafici. Mai tebur yana kallon su a matsayin yara masu ji da kai, waɗanda ba su taɓa fuskantar layin mutum talatin masu neman takardar haihuwa ba. Su kuwa suna kallon sa a matsayin wanda sabo ya ɗaure wa turke, wanda in an gusar da ɗan hoto guda daga hagun allo zuwa dama sai ya ce an kashe masa aiki.

Tsofaffin sakatarori sun san mafarinta. Wadda ta koyi aiki bisa mashin ɗin daktilo da takardar karbon da sitansil, an wayi gari an girka mata WordPerfect mai shuɗin allo, an manna mata ƴar takarda a saman maɓallai don ta riƙa tuna aikin kowanne. Ta sha wuya ta haddace, har yatsunta suka koma gudu ba sai ido ya raka su ba. Ba a jima ba aka ce duniya ta koma Word, ta kama ɗan kusun nan da ake ja bisa tebur. A 2007 kuma kamfanin Microsoft ya sake fasalin Word ɗin kansa, ya kwashe jerin umarnin da ta saba da su ya shimfiɗa su cikin wani faffaɗan ɗamara a saman allo. Sau uku ke nan ana mai da gwana ɗaliba, kuma ko sau ɗaya ba a nemi jin ta bakinta ba.

Inda wannan rigima ta fi ƙamari, ta fi cin kuɗi, har majalisa ta kaɗa mata ƙuri'a sau biyu, ƙuri'ar baya tana warware ta farko, shi ne Munik, babban birnin jihar Bavariya a kudancin Jamus.

A farkon shekarun 2000 ma'aikatar magajin garin Munik tana da ordinatar wajen 14,000, mafi yawansu suna tafiya da Windows NT 4, wanda ya fito tun 1996. Sai Microsoft ya sanar cewa zai daina kula da shi: ba sauran gyara, ba sauran toshe kafofin da ɓarayi ke bi su shiga. Wato birni mai mutum fiye da miliyon ɗaya, wani kamfani ne can Amurka ya tsayar masa da ranar da zai canja kayan aikinsa. Abin ya tsaya wa mutanen anformatik a rai. Suka kawo shawarar Linux, tsarin da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma a 1991, wanda kowa ke da izinin leƙa cikinsa, ya gyara, ya raba wa wanda ya so, ba tare da biyan kuɗin lasisi ba.

A watan Maris na 2003 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya katse hutunsa a duwatsun ƙasar Suwis ya taho Munik da kansa don ganin magajin gari Christian Ude. Ya yi ragi, ya ƙara ragi, har tayin kamfaninsa ya koma ƙasa da na masu Linux. Ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan ba sai an fassara masa ba: mai kaya ba ya bin mai saye har gida da ragi sai in yana tsoron sauran kasuwa su ga an juya masa baya. Duk da haka, ranar 28 ga Mayu 2003 majalisar birnin ta zaɓi Linux, mai tsadar a takarda. Ude ya sha ba da labarin yadda daga baya Bill Gates ya tambaye shi dalili, ya ce masa ƴanci suke nema, da Gates ya tambaya daga wa, ya ce daga gare shi. Aka raɗa wa aikin suna LiMux, haɗin Linux da harafin farko na sunan birnin.

Magana ce mai daɗin ji a zauren majalisa. Sai dai ƴancin da magajin gari ke nufi, ma'aikacin da ke zaune a gishe bai san yana cikin bauta ba balle ya nemi a ƴanta shi. Shi abin da ya sani, ƙarfe takwas ta buga, mutane sun cika benci, takarda kuma dole ta fito.

Da masu aikin suka shiga biro-biro don ƙidayar abin da za a kwashe, sai suka tarar da abin da babu wanda ya yi zato. Birnin ba shi da sashen anformatik guda, yana da fiye da ashirin, kowace ma'aikata da nata, kowanne da irin tsarin da ya ga dama. Suka kuma tarar da dubban samfuran wasiƙu da fom-fom da ƴan dabarun nan da ake kira makaro, waɗanda ma'aikata suka ƙera wa kansu cikin Word da Excel shekara da shekaru.

Nan ne ƙashin bayan rigimar yake, kuma ya kamata a tsaya a dube shi da kyau. Makaro wata ƴar hanya ce da ma'aikaci ke koya wa na'ura: in na danna nan, ki ɗauko sunan mutum daga wancan jeri, ki lissafa masa abin da ake bin sa, ki zuba cikin wasiƙa, ki sa kwanan wata. Aikin rabin sa'a ya koma na minti ɗaya. Sau da yawa wanda ya ƙera ta ya yi ritaya tuni, ko an canja masa wurin aiki, babu takardar da ta bayyana yadda take tafiya, amma biro guda yana rataye da ita. A idon mutumin anformatik wannan shara ce mai haɗari: ba a san adadinta ba, ba a san mai ita ba, in ta yi kuskuren lissafi babu mai ganewa, ta nan ne kuma cutar na'ura ke yawan shigowa. A idon mai tebur kuwa ita ce gadon sana'a. Ita ce irin guduma da maƙeri ya sassaƙa wa ƙota daidai tafin hannunsa. Wanda ya zo ya ce a jefar da ita a karɓi sabuwa daga sito, ko da sabuwar ta fi ƙarfe mai kyau, ya taɓa abin da ya wuce kayan aiki. Ya gaya wa mutum, ba tare da ya furta ba, cewa shekarunsa ashirin na dabara ba su shiga lissafi ba.

A yi wa mutanen Munik adalci, ba su yi gaggawa ba. Kwashe na'urorin bai soma sosai ba sai 2006. Sun fara da canja manhajar rubutu da ta intanet da ta wasiƙu, aka koma OpenOffice da Firefox da Thunderbird, kafin a taɓa gindin tsarin. Sun ƙera wata manhaja tasu mai suna WollMux wadda ta tattara samfuran wasiƙun birnin wuri guda, ta yadda kan takardar kowace ma'aikata zai fito iri ɗaya. Sun horar da ma'aikata. A watan Disamba na 2013 aka ba da sanarwar an kammala, na'ura kusan 15,000 sun koma LiMux, shekara goma bayan ƙuri'ar farko. Birnin ya ce ya tsimi fiye da yuro miliyon 10, wato sama da sefa miliyar 6 da rabi. Microsoft ya sa kamfanin HP ya yi nasa lissafin, wanda ya ce asara aka tafka. Kowa da alƙalaminsa.

To, amma mene ne mai tebur yake gani kullum safiya? Wasiƙa ta zo daga wata ma'aikatar tarayya, ko daga lauya, ko daga ɗan kwangila, an rubuta ta da Word, don kusan duk sauran Jamus da Word take aiki. Ya buɗe ta, sai ya ga jadawali ya goce, layin sa hannu ya tsallaka shafi na gaba, lambobin sakin layi sun rikice. Dalilin ba boyayye ba ne. Shekaru da dama yadda Word ke ajiye takarda sirrin kamfaninsa ne, masu OpenOffice sai dai su yi ta kintace, kamar telan da aka ba riga ya kwaikwaya ba a ba shi awo ba. An amince da tsarin ajiya na kowa da kowa, ODF, a matsayin ma'aunin duniya a 2006, Microsoft kuma ya samo wa nasa irin wannan shaida a 2008, aka koma ma'auni biyu a kasuwa guda. Mutumin anformatik zai yi wannan bayani daki-daki, kuma gaskiya ya faɗa: laifin ba na LiMux ba ne. Amma mai tebur ba tarihin ma'auni ya tambaya ba. Shi ne zai ɓata minti ashirin yana jan layuka, shi ne shugabansa zai ce wa takardarka ba ta da tsabta, shi ne kuma mutumin da ke jira a gishe zai harara.

Ga kuma manhajojin sana'a, waɗanda ake rajistar mota da su, ko lissafin haraji, ko zanen gine-gine. Masu ƙera su don Windows suke yi, tunda can kasuwa take. Dole aka bar dubban na'urori bisa Windows, birnin ya koma ɗauke da tsari biyu, kowanne da hidimarsa. Sannan aka sake fasalin sashen anformatik aka raba shi gida uku: masu tsara manufa, masu riƙe da injuna, da wakilai a cikin kowace ma'aikata. Wanda injin buga takardarsa ya ƙi aiki bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Sabon gyara yakan fito, amma ya daɗe bai kai wasu ma'aikatun ba, mutane suna zaune da tsohon zubi mai kurakuran da aka riga aka magance. Duk wannan, da tsufan na'ura, da jinkirin waya, sai aka tattara aka ɗora wa suna guda. A bakin ma'aikata komi ya lalace, LiMux ne. Mutum ba ya zagin tsarin mulkin ma'aikata, don ba ya ganin sa. Abin da ke gabansa bisa allo yake zagi.

A 2014 Ude ya sauka, Dieter Reiter ya hau kujerar magajin gari, mutumin da bai ɓoye sha'awarsa ga kayan Microsoft ba. Ya yi kukan an ɗau makonni kafin a haɗa masa wayar hannunsa ta aiki da wasiƙun biro. A ƙarshen shekarar wasiƙun birnin suka tsaya cik na ƴan kwanaki, ya fito fili ya yi faɗa, ko da yake daga baya an gano matsalar ba daga LiMux take ba. A 2015 wasu ƴan majalisa biyu suka rubuta koke cewa ordinatar ɗin hannu da aka ba su ba sa amfanuwa, ko Skype ba su iya sakawa. Abin lura a nan, ƙananan ma'aikata sun yi shekaru suna gunaguni a kan jadawalin da ke gocewa, maganarsu ba ta wuce ƙofar biro ba. Ranar da wayar mai gari ta ƙi karɓar saƙo, a ranar koken ya zama batun siyasa. Wannan ɗabi'a ba ta Jamusawa kaɗai ba ce, duk wanda ya taɓa ganin yadda ake gyaran hanyar da babban baƙo zai bi ya san ta.

Aka ɗauko kamfanin Accenture ya binciki lamarin, kamfanin da kowa ya san abokin hulɗar Microsoft ne. Abin mamaki, rahoton da ya miƙa a 2016 ya ɗora mafi yawan laifin bisa rarrabuwar sassa da rashin sanin wa ke da alhakin me, bai ce a yar da LiMux gaba ɗaya ba. Shugaban sashen injunan birnin ya ce shi bai ga wani dalili na fasaha da zai tilasta komawa ba. A wannan shekarar ce kuma Microsoft ya maido da babban biro nasa na Jamus daga wani ƙaramin gari na kusa zuwa cikin Munik. Masu zargi sun haɗa biyu da biyu, amma babu wanda ya kawo hujjar cewa ciniki aka ƙulla. A watan Nuwamba na 2017 majalisa ta yanke shawarar a koma Windows 10 kafin ƙarshen 2020. Kuɗin komawar kawai an ƙiyasta shi wajen yuro miliyon 49, sama da sefa miliyar 32, daga aljihun masu biyan haraji.

Wa ke da gaskiya? A kan batun asali, mutanen ɗakin sanyi ne. Hukumar da ta zuba takardun haihuwa da na filaye da na haraji cikin akwatin da mabuɗinsa ke hannun wani, ta ba da wuyanta, kuma mai mabuɗi zai faɗi farashi duk ranar da ya so. Mai tebur ba ya hango wannan daga inda yake zaune, kuma ba aikinsa ba ne ya hango. Inda suka yi sake shi ne wajen lissafi. Sun ƙidaya kuɗin lasisi da na injuna da na horo, har kobo, amma minti ashirin ɗin nan na kowace safiya, sau dubban ma'aikata, sau kwanakin shekara, bai shiga kowane jadawali ba, don ba daga kasafin sashensu yake fita ba. Daga haƙurin wani yake fita. Haƙuri kuwa in ya ƙare ba ya aiko da takardar sanarwa, sai dai ya jira wani ɗan siyasa ya zo ya ɗauke shi ya yi jari da shi. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo, kuma da an riƙa tambayar sa da gaske, ana gyara yoyon a kan kari, da wuya a kai ga rushe ɗakin.

Ana yawan kawo misalin jandarmomin Faransa don a nuna abin yana yiwuwa. Sun koma OpenOffice a 2005, Firefox da Thunderbird a 2006, suka yanke shawarar Ubuntu, wani reshen Linux, a 2008, har na'urorinsu dubbai masu yawa suka koma can ba tare da hayaniya ba. Wani hafsansu ya taɓa cewa babban bambancin da mutanensa suka gani shi ne ƴan hotunan allo da wasanni, wasa kuwa ba shi ne damuwar jandarma ba. Misali ne mai kyau, amma a auna shi. Jandarma a Marsai da jandarma a Lil rahoto iri ɗaya suke bugawa, sashen anformatik ɗinsu guda ne, kuma in umarni ya sauko ba a kiran taron jin ra'ayi. Ma'aikatar magajin gari kuwa daga gidan renon yara har maƙabarta take riƙe da su, kuma shugabanninta ƙuri'a ke kawo su, ƙuri'a ke kai su.

A biro-biron Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa rigimar tana nan, sai dai ta sa wata riga. Sau da yawa ba mai tebur ne ya zaɓi manhaja ba, ba kuma mutumin anformatik ba: ta zo ne cikin kayan wani aikin tallafi, tare da motoci da na'urori, kuma ranar da aikin ya ƙare lasisinta ya bi shi. Wanda ya ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da duk abin da ake sayowa daga waje ya ninka kuɗi dare ɗaya, bai buƙatar a yi masa wa'azi a kan haɗarin dogara da kayan da ake biya da kuɗin wasu. Mai buga takarda da Hausa kuma yana da nasa tabon. Kafin haruffa masu ƙugiya su samu gurbinsu a kowace na'ura, sai an saka wani zubin haruffa na musamman, in takardar ta koma wata na'urar da ba ta da shi, duk ƙ da ɗ da ɓ da ƴ su rikiɗe su zama ƴan akwatuna ko wasu alamomi. Mai gyara ya zo ya share na'ura don ya kashe cuta, ya tafi da zubin haruffan bai ma san da shi ba, don shi da Faransanci yake aiki. Aikin wata guda ya koma abin da ba ya karantuwa, ƙarau ya koma arau.

A Munik kuwa magana ba ta ƙare a 2017 ba. Bayan zaɓen 2020 sabuwar haɗakar jam'iyyun da ta karɓi majalisa ta rubuta cikin yarjejeniyarta cewa duk inda ya yiwu za a fifita manhaja mai buɗaɗɗen ciki, kuma abin da aka ƙera da kuɗin jama'a ya zama na jama'a. Ba a maido da LiMux bisa teburori ba. A 2024 wata jiha ta arewacin Jamus, Shileswig-Holstain, ta yanke shawarar kwashe na'urorin ma'aikatanta wajen 30,000 zuwa LibreOffice da Linux, da hujjoji kusan irin na Ude. Ma'aikaciyar da ta kama aiki a Munik a 2000 ta koyi Windows NT, ta koyi LiMux, ta sake koyon Windows 10. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai ga hukumar da ta yarda ta biya ƙarin kuɗi, magajinsa Windows 11 kuma ba ya hawa tsofaffin injuna da dama.